Baban Wagma Yana Dubai

A kwarin Swat, in uba ya mutu ya bar ƙaramin yaro, sai a ce wa yaron ai ya tafi Dubai. Ƙarya ce mai saurin shiga, tunda kowace unguwa akwai wanda ya tafi ɗin da gaske. Dakta Brekhna ta yi furfura tana duba yaran da tashin hankali ya taɓa a garin Mingora, na lokacin yaƙi, na girgizar ƙasa, na ambaliya, kuma babu abin da ke ɓata mata aiki kamar wannan ƙaryar. Abin haushin, masu yin ta don ƙauna suke yi.

Wagma shekararta bakwai. Kakarta ce ta kawo ta, tare da ƙanin ubanta Sherin, wanda ya toge a bakin ƙofa yana murza hula.

"'Yar nan, maganin cin abinci kawai za ki rubuta mana," in ji tsohuwar. "Ko shayi da gurasa sai an yi dambe. Ga fitsarin kwance, ƙatuwa da ita."

"Ina babanta, Iya?"

"Dubai," ta faɗa da ƙarfi, tana ƙifta ido.

Likita ta sa aka kai yarinyar ɗakin wasa, sannan ta dubi Sherin. Bai wahalar da ita ba. In kogi ya cika yakan kwaso gumagumai daga kan duwatsu, maza su fita da igiya da ƙugiya su kamo itacen hunturu. Wansa ya bi wani babban gungume, ruwa ya ci shi. Tun daga nan duk Juma'a Sherin yakan zaga bayan masallaci ya kira gida da wayar abokinsa, a matsayin mamacin.

"Muryarmu ɗaya," ya ce, har da ɗan alfahari.

"Allah ya shirye ka, Sherin."

Brekhna ba ta yi wa yara tambaya a farkon zuwa. Zama take a kan darduma, gwiwoyinta na ƙara, ta baje 'yan tsana ta yi shiru. Wagma ma shirun ta yi, makonni. Wata rana sai ta shimfiɗa shuɗin mayafi a ƙasa, ta ɗora fensir a kai, ta tsayar da ɗan tsana a gefe.

"Ina kan soro," ta ce. "Ni na ce, Baba ga babba can."

Ta tura ɗan tsanan kan mayafin, ta ja shi har ƙarƙashin kujera.

"Ruwan ya kai shi Dubai. Fushi yake da ni, shi ya sa ba ya dawowa. Har muryarsa ta canza."

"Abincin fa, Wagma?"

"In na rame zai ji tausayina ya zo, sai in ba shi haƙuri. A waya ba na iyawa, Iya na tsaye a kaina."

Duk gidan babu wanda ya san yarinyar tana kan soro ranar. Da likita ta gaya musu, ta ce dole a faɗa wa Wagma gaskiya, tsohuwar ta miƙe tsaye.

"Ke kin taɓa haihuwa kuwa? Duk Juma'a nake jin muryar ɗana, shi ne za ki kashe min shi karo na biyu?"

Brekhna ta ji tausayinta sosai, don a nan ta gane wayar ba don Wagma kaɗai ake yin ta ba. Amma ba ta janye ba.

"Iya, shi ya riga ya tafi. Wannan ce a hannunmu, ita ma tana tafiya muna kallo."

Tsohuwar ta ja mayafi ta fita. Sherin ya tsaya. Ya shiga ɗakin wasan, ya durƙusa gaban yarinyar, ya faɗi komai da muryar kansa: kogin, jana'izar, da wanda ke kira. Sau biyu maganar na maƙale masa, likita na ƙarasa masa.

Wagma ba ta yi kuka ba. Ta dube shi.

"Baffa, kenan ba fushi yake ba?"

"Wallahi ba fushi yake ba, uwata."

Ta gyaɗa kai, ta juya wajen likita.

"To yanzu wa zan ba haƙuri?"

Brekhna ta san amsar. Yara da yawa ta gaya wa ba laifinsu ba ne, ta kuma san yawan watannin da maganar ke ɗauka kafin ta zauna, in ma ta zauna. Ta matso ta riƙe siraran hannuwan yarinyar, ta fara gaya mata.