Kwana Taran da Muka Ɓoye wa Inna

Littafin ba nawa ba ne. Wata maƙwabciyarmu ce ta ara mini, bangonsa ya riga ya yage, shafin farko duk tabon manja. Ta ce in karanta ko na saki fuska, wai tun da na haihu na zama kamar mai gadin asibiti. Na fito da shi tsakar gida ranar da muke turara shinkafa, don turara aiki ne na jira: a ɗora tukunya, a tura itace, a zauna ana kallon tururi.

Mu uku ne a gidanmu na Hadejia idan maza sun tafi fadama. Ni Safara'u, sai Yaya Mansura matar wan mijina, sai Inna, uwar mazanmu. Yara biyu ne, Jannat 'yata da Adam ɗan Yaya Mansura. Wata ɗaya ne tsakaninsu, dukansu sun shiga shekara ta huɗu.

Da Inna ta ga littafin sai ta taɓe baki.

"Ƙarya ce aka ɗinke da zare," in ji ta. "Ki karanta a zuci, kada ki cika mana kunne."

Ban karanta a zuci ba. A rana ta uku ita ce ke cewa, "Ke 'yar nan, ina aka tsaya? Shinkafar ba za ta gudu ba."

Labarin wata Aziza ne mai sayar da soyayyen kifi, bakinta kamar reza, da wani malamin gona, Abdulfattah, wanda aka turo shi aiki bakin kogi alhali tsoron ruwa yake yi. Ya ce mata zai ƙetare kogi saboda ita. Ta ce, "Akwai gada, malam, kada ka wahalar da masu ceto." Inna ta yi dariya har ta ƙware, sai da na miƙa mata ruwa.

Amma ba soyayyar ce ta riƙe mu ba. Kakar Aziza, Gwaggo 'Yar'azumi, ta ce ba za a yi auren ba, ta kuma ƙi faɗin dalili. Duk lokacin da aka tambaye ta sai ta tayar da nafila. An lissafa ta yi raka'a ashirin da shida a wuni ɗaya don kada ta amsa tambaya guda. Muna dariya, amma kowaccenmu ta san irin wannan tsohuwar, ta kuma san irin wannan shirun. Ina ganin abin da ya sa littafin ya shiga ranmu ke nan: yana ba mutum damar yi wa abin da yake tsoro dariya, a gidan wasu.

Wata rana bayan la'asar, mun baza shinkafa a kan leda tana shan iska, Inna ta ce kowa ya faɗi abin da yake zato tsohuwar ke ɓoyewa.

"Gona ce," in ji ta, ba ta jira kowa ba. "An ci iyakar wani. Duk rigimar da ta wuce shekara arba'in, ku tona, gona ce a ƙarƙashi."

Yaya Mansura ta ce, "Ni dai ina ga kakan yaron ne ya yaudare ta tana budurwa."

"Ke fa, mai karatu?"

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya riga ni.

"Nono ɗaya suka sha."

Yaya Mansura ta tsaya da murfin kwanon da take juya shinkafa da shi. Ba ta dube ni ba. Inna kuwa ta girgiza kai.

"A'a. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Wace uwa ce za ta san haka ta yi shiru, ta bar wa da ƙanwa su yi aure? Sai dai marar tsoron Allah. Nemi wani."

Na ce haka ne. Na rufe littafin na ce idona yana yaji, hayaƙi ne.

Ga abin da Inna ba ta sani ba. Shekarar babbar ambaliya muna zaune a ƙauye ta wajen Baturiya. Ruwa ya ci gidan. Aka kwashe mu a kwalekwale zuwa wata makarantar firamare da ke kan tudu. Inna an riga an kai ta garin Malam Madori gidan 'yarta, maza kuma suna can bakin jinga suna jera buhunan yashi. A ajin da aka ba mu masassara ta kwantar da Yaya Mansura, nononta ya ɗauke ƙaf. Adam yana wata huɗu. Babu madarar jarirai, ruwan da ake sha ma ni kaina sai na rufe ido nake haɗiya. Ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Sai na ɗauke shi. Jannat a dama, Adam a hagu, kwana tara, har uwarsa ta miƙe nono ya dawo.

Ban yi karatu mai zurfi ba, amma abin da na koya a Islamiyya ya isa in san cewa daga ranar Adam ɗana ne, Jannat kuma ƙanwarsa ce, babu aure tsakaninsu har abada.

Yaya Mansura ce ta roƙe ni in yi shiru. 'Yarta ta fari ta rasu kafin arba'in, kuma a lokacin Inna ta sa aka matsa nononta a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki, a gaban mata, wai a ga ko mugun nono ne. Tururuwar ta fito da ranta, amma maganar ba ta mutu ba. Ta ce mini, "Idan aka ji ya ɗauke, shi ke nan, an tabbatar. Ki rufa mini asiri, Safara'u." Tana kwance a kan benci, leɓenta duk ya fashe. Na ce na rufa. A lokacin yara ba su ko iya zama ba, aure kuwa yana can nesa kamar ba zai zo ba.

Kwana biyu bayan wannan canke-canken, Inna ta dawo daga gidan suna da wata 'yar tunkiya fara a igiya. Ta kira yaran.

"Zo nan, maigidana," ta ce wa Adam. "Na gaji da kai, ba cefane ba sabulu. Na sake ka, na bar wa Jannat. Wannan tunkiya taku ce. Ta haihu, 'ya'yanta su haihu, kafin ku girma an tara na ɗaki."

Adam ya kama kunnen tunkiyar, Jannat ta ɓuya a bayana. Maza suna zaune a kan tabarma suna cin ɗanwake, suka yi dariya. Baban Adam ya ce, "Mun karɓa, Inna." Baban Jannat ya ce, "Allah Ya nuna mana."

Wasa ne, na sani. Amma ni ma da irin wannan wasan aka fara nawa. Kakata ce ta riƙa kirana matar Mukhtar, Baban Jannat ke nan, tun ina tallan gyaɗa, har kunnena ya saba, har zuciyata ta saba, kuma ban yi nadama ba. A danginmu maganar kaka ba ta faɗuwa ƙasa, musamman idan ta rasu ta bar ta. Na dubi Jannat, na hango ta da shekara ashirin, ta sa ranta a kan Adam tun tana ƙarama, sannan a zo a ce mata yayanta ne. Ko kuma, wanda ya fi muni, kada a samu mai faɗa.

Washegari da hantsi Inna ta tafi duba wata mara lafiya. Na samu Yaya Mansura a bakin murhu.

"Yaya, maganar nan ta isa faɗa."

"Wace magana?"

"Kin sani."

Ta tura itace cikin wuta da ƙarfi. "Yara 'yan shekara uku, Safara'u. Littafin nan ne ya hau miki kai. Idan sun girma sai mu faɗa."

"Mu wa? Kin manta kwalekwalen da ya kai mu makarantar nan? Mu biyu muna ciki, ruwa yana shigowa ta gefe, kina kwarfewa da kwanon sha. Da ya kife fa? Ba a bayan shayarwar ba ne, na sani, amma gobe ma akwai ruwa, akwai mota, akwai haihuwa. Mu biyu kaɗai muka sani a duniya."

"Ke ba a taɓa jefa tururuwa a nononki ba."

Wannan gaskiya ne. Na zauna kusa da ita a kan turmi.

"Ba a taɓa ba. Kuma na yi miki alkawari, shi ya sa ban je wajen Inna a bayan idonki ba, ko Baban Jannat ban gaya wa ba. Amma ba zan bar 'yata ta girma ana ce mata matar Adam ba. Ranar Juma'a zan faɗa. Na fi so ki kasance kusa da ni. Idan ba za ki iya ba, ki tafi gidanku wuni, ni zan ɗauki faɗan."

Ta juya ta ci gaba da hura wuta. Kwana uku gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Na ci gaba da karatu da la'asar don kada Inna ta gane, amma muryata ba daɗi. A littafin Aziza ta ɓoye wa kakarta dardumar salla, tsohuwar ta shimfiɗa ɗankwali ta tayar. Inna ta yi dariya ita kaɗai, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Yau kuma wa ya mutu?"

Ranar Alhamis ce, ba Juma'a ba. Na buɗe littafin ke nan, saura shafi kaɗan a gama, sai Yaya Mansura ta ɗora hannunta a kan shafin.

"Inna, kafin a ji na Gwaggo 'Yar'azumi, akwai namu."

Ta faɗa duka, idonta a ƙasa. Makarantar, masassarar, kwana taran. Ba ta ɗora mini laifi ba, ta ce ita ta hana ni magana. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Inna ta zuba mana ido. Kaji suka hau shinkafar da ke kan leda, ba wanda ya kore su.

"Shekara uku," in ji ta. "Kuna kallona ina jan tunkiya kamar mahaukaciya."

"Ki yafe mana, Inna," na ce.

"Ke yi shiru, zan zo kanki." Ta juya ga Yaya Mansura. "Me ya sa? Ni dodo ce?"

"Ludayin nan, Inna."

Ban taɓa ganin fuskar Inna ta yi haka ba. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta wanda bai kwance ba.

"Ni ma an yi mini," ta ce a hankali. "A ruga, a gaban uwar mijina. Na ɗauka haka ake yi." Sannan ta ce, "Masassara tana ɗauke nono. Ko saniya idan ta yi zazzaɓi ba ta ba da komai. Wa bai san wannan ba?"

Ba ta ce a yafe mata ba, Inna ba ta iya wannan ba. Amma ta miƙa hannu ta kama na Yaya Mansura ta riƙe, har sai da kukan da Yaya Mansura ta fashe da shi ya tsaya.

Sannan ta zo kaina kamar yadda ta ce.

"Ke kuma, kin shayar da jikana kwana tara da cikinki babu komai, ko tukwici ban ba ki ba, sai ma na ce miki marar tsoron Allah."

"Ba ki san da ni kike ba, Inna."

"To yanzu na sani. Tunkiyar taki ce. An kashe mini aure tun ba a ɗaura ba, sai in mayar da mijina." Ta ɗaga murya. "Adam! Zo, na fasa sakin!"

Da maza suka dawo daga fadama Inna da kanta ta gaya musu, a tsaye, kafin su wanke ƙafa. Baban Jannat ya dube ni ya daɗe, na san akwai maganar da za mu yi daga baya, kuma mun yi ta, ba ta yi daɗi ba. Amma ni ban tsaya nan ba. Na ɗauko katin rigakafin Jannat da na Adam, na rubuta a bayan kowanne cewa sun sha nono ɗaya, da shekarar, da wurin, da sunan wadda ta shayar. Na sa iyayensu maza suka sa hannu, Inna ta dangwala yatsa da tawadar biro. Baki yana mantuwa, masu baki kuma suna tafiya.

Sai ranar Asabar muka gama littafin. Ashe gona ce. Mijin Gwaggo 'Yar'azumi ne ya matsar da iyaka da taku bakwai cikin gonar kakan Abdulfattah, wanda ashe ɗan garin ne, ta sani, ta ji kunyar haɗa zuri'a da mutanen da aka cuta. Aka mayar da takun bakwai, aka ɗaura aure, aka kai ango gidan surukai ta kan gada.

Inna ta buga cinya. "Ban gaya muku ba?"

Ta aike ni in mayar wa maƙwabciya littafinta, in tambaya ko akwai wani. Ina sa mayafi na ji ta a tsakar gida tana koya wa Jannat.

"Ba Adam ba. Ce Yaya Adam."

"Yaya Adam," in ji Jannat, ta ƙwace masa rake ta gudu.