Hular Malam Dogara

"Baba, don Allah ƙara sauri!" in ji Asma'u, tana biye da shi da waya a hannu.

Malam Dogara ya ƙara ɗaga ƙafa. Zuwa na uku ke nan daga gidansa zuwa Ƙofar Kuyambana, ya tattare babbar riga a kafaɗa, hula daram a ka, amma goshinsa a bushe ƙayau. Ruwan da aka yi da asuba ya sanyaya gari, sai ka ce da gayya.

Hular ce ta jawo wannan tsere. Shekara biyu Asma'u, autarsa, tana bincike a jami'a kan wani zare wanda in an ɗinka shi a tufa yake shan gumin mutum, ya aika wa waya yawan gishiri da sukarin da ke ciki. Keken ɗinki ya yi ta tsinka zaren, har ta kawo kuka gida. Malam Dogara, wanda ya shekara arba'in yana ɗinkin hannu, ya murza zaren tsakanin yatsu, ya ce, "Wannan ai lallashi yake so." Kwana tara ya yi yana bin bakin hular ta ciki da allura. Yau da azahar za ta kai wa malamanta sakamako, shi kuwa ya rantse ba kan da zai fara sa hular sai nasa.

Sai ga shi gumi ya ƙi zuwa.

Ashiru mai shayi, abokinsa tun ƙuruciya, ya leƙo daga rumfa. "Malam Dogara, lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Kimiyya!" ya amsa yana haki. "Gumi nake nema."

"Gumi? Zo nan."

Ashiru ya haɗa masa ruwan citta da kanumfari, ya barbaɗa barkono. Malam Dogara ya shanye kofi biyu a tsaye. Hawaye suka zo, atishawa ta zo, gumi ko ɗigo. Mutanen rumfa suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Suka koma gida, Asma'u tana ta duba agogo, idonta ya ciko. A tsakar gida suka tarar da mahaifiyarta, Radiya, tana surfen gero, gumi na tsiyaya daga wuyanta. Malam Dogara ya tsaya cak. Ya dubi matar, ya dubi turmin.

"Ba ni taɓaryar nan."

"Malam! Daka? Kai?"

"Ma'u, rufe ƙofar zaure."

Ya tuɓe riga, ya gyara zaman hula, ya hau daka. Da farko gero ya yi ta tsalle waje, kaji suka samu biki. Can hannunsa ya faɗa. Har ya gwada cilla taɓarya sama ya tafa, yadda ya ga mata na yi, saura kaɗan ta sauka a kan yatsansa. Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Radiya ta zauna dirshan a ƙasa, dariya ta hana ta magana.

Sai ya ji wani abu mai ɗumi yana gangarowa ta bayan kunnensa. Wayar ta yi ƙara.

"Ta yi! Baba, ta yi!" Asma'u ta daka tsalle, mayafi ya faɗi. Radiya ta rangaɗa guɗa, matan katanga suka amsa. Malam Dogara ya ɗaga taɓarya sama kamar mashi, ya zagaya turmi yana rausaya.

"Karanta mana! Me ɗinkina ya ce?"

Asma'u ta karanta gishiri da ƙarfi. Da ta zo kan sukari sai muryarta ta sauka. Ta sake dubawa: sukarin ya wuce ƙima.

"Baba, kana yawan jin ƙishirwa kwanan nan?"

Ya ajiye taɓaryar. Radiya ce ta amsa, ta daina dariya: "Buta guda yake shanyewa. Na yi magana, ya ce zafi ne."

"Hula ba likita ba ce," in ji Asma'u a hankali. "Sai an gwada jini kafin a ce ciwon sukari ne. Amma yau za mu je, daga jami'a mu wuce asibiti."

Malam Dogara ya cire hular, ya juya cikinta, ya bi sahun allurarsa da babban yatsa. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

"Wata shida ina ɓoye wa uwarki cewa jikina ba daidai yake ba," ya ce, "ashe da hannuna zan ɗinka mai tona ni."

Ya mai da ita ka, ya ɗan karkata ta gefe.

"Ɗauko mini rigar Juma'a. In malamanki sun tambaya, ki ce musu ɗinkin Dogara ne."