Ɓawon Gyambo na Gidan Kusa

"A garin nan, ma'aikaci ba ya mutuwa shi kaɗai," in ji Kwamared Kev Pascoe, sakataren ƙungiyar mahaƙa, yana dukan teburin zauren makarantarmu. Ɗalibaina na ajin tarihi suka yi tafi. Manajan kamfanin darma, wanda ya ɗauki nauyin bikin tunawa da babban yajin aiki, shi ya fi kowa tafi.

A daidai lokacin, maƙwabcina Len Trezise yana kwance a baranda da robar iska a hanci, yana mutuwa a hankali, ba kowa a wurinsa sai 'yarsa Noeline.

Laifin Len ya girmi yawancin masu tafin. Ana gab da janye wancan yajin, ya ɗauki fitilarsa ya koma aiki a ramin haƙa. Mai yin haka muna kiransa ɓawon gyambo. Tun daga ranar ba wanda ya sake zama kusa da shi a mashaya. Duk shekara, in bikin ya zagayo, sai a wayi gari an rubuta masa sunan da jan fenti a shingen kwanon gidansa, shi kuma ya fito da gwangwanin farin fenti ya shafe. Kamfanin da ya rufe ƙofa ya bar yara da yunwa, an daɗe da yafe masa. Har filin ƙwallo ya gina mana.

Da yamma na leƙa ta kan shinge.

"Malam mai tarihi," in ji Len, numfashinsa na ƙugi. "Yaya taron jarumai?"

"An ci tsiran nama, an sha alwashi."

"Har yanzu kana koya wa yara kalmar nan tawa?"

"Tana cikin manhaja, Len. Tsakanin babakeren kasuwa da yarjejeniyar albashi."

"To ka kawo su su ga na gaske, kafin samfurin ya ƙare." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. "Yunwa fa? Ita ma tana cikin manhajar?"

"Ba a tambayarta a jarrabawa."

"Baba, ka bar surutu ka sha shayinka," in ji Noeline.

Bai kai ƙarshen makon ba.

Al'adarmu ce, in mahaƙi ya mutu, mahaƙa ne ke saɓa akwatinsa daga ƙofar maƙabarta zuwa bakin kabari. Abin da Noeline ke so ke nan, ba ƙari. Ta haura shekara hamsin, kuma tun tana firamare ake kiranta 'yar ɓawon gyambo. Na raka ta ofishin ƙungiya.

Kev ya tarbe mu a ƙarƙashin tsohuwar tutar yajin, wadda kamfani ya biya aka saka a gilashi.

"Noeline, 'yar'uwa, wallahi na ji ba daɗi," ya ce. "Amma kin san yadda mutanenmu suke. Akwai jinin da aka zubar."

"Jinin wa, Kev? Lokacin kana tsumma."

"Maganar aƙida ce."

"Ƙurar da ta cinye huhun ubanka ita ta cinye nasa. Kafaɗa kawai nake roƙo, ba tuta ba."

"Zan kai maganar gaban kwamiti," ya ce, ya dubi agogo. Yana da wasan golf da manaja.

Kwamitin, na ji, zai zauna wata mai zuwa.

Ranar jana'iza mu huɗu ne: Noeline, limamin coci, mai shirya gawa, da ni. Kamfani ya aiko da furanni, da kati mai yabon "amintaccen ma'aikacinmu Ken". Ko sunan ba su rubuta daidai ba. Da muka ga ba mai zuwa, mai shirya gawa ya fito da keken tura akwati. Ƙafar keken ɗaya tana kuka. Noeline ta ture hannunsa ta kama, ta tura ubanta da kanta a kan tsakuwa, ta wuce layin kaburburan mahaƙa masu tambarin ƙungiya, har ƙarshen fili inda inuwa ba ta kaiwa.

A hanyar dawowa mun bi ta gaban mashaya. Wasu tsofaffi biyu suka cire hula, suka duba ko an gan su, suka mayar.

Washegari da safe ina haɗa takardun jarrabawa na ji ƙarar goga a kan kwano. Bana rashin lafiya ya hana Len fitowa, jan rubutun yana nan a shingen tun ranar biki. Noeline ce tsugune, sanye da tsohuwar rigar aikinsa, gwangwanin a gefenta. Fentin ya yi kauri, sai da ta zuba masa kananzir.

"In taya ki?" na ce.

"Bar shi, malam. Na san yadda ake yi."

Ta shafa farin sau ɗaya, jan ya leƙo ta ƙasa. Ta zauna a kan duga-duganta tana jiran ya bushe, ta sake shafawa.