Tsiro a Kan Bulon Makaranta

Da hantsi girgizar ƙasa ta rushe Pukarumi, lokacin Mama Saturnina na can saman tsauni tana kiwon tumaki. Daga inda take tsaye ta hangi garin ya tashi da ƙura kamar an karkaɗe tsohon bargo. Ko da ƙurar ta lafa, babu coci, babu makaranta, babu gidan da aka kai ta tana amarya. Mijinta Fortunato yana ɗaki ranar, ciwon gwiwa ya hana shi fita. Da yamma aka tono shi, hularsa na kansa.

Tun daga nan rayuwa ta koma mata kamar mafarkin rana. Kullum in hantsi ya dubi ludayi sai ta hau tarin ƙasar kangonta ta zauna da mazari tana kaɗin ulu. Gajimare na ratsa kwari ta ƙasan garin, fari fat, a hankali. Wani lokaci sai ta ga kamar gajimaren ne ke tsaye, ita kuma tudun na tafiya da ita wata ƙasa mai nisa. Wani lokaci ta ji tarin Fortunato daga ƙarƙashinta. Ba ta firgita, sai dai ta ce, "Ai na gaya maka ka rage taba."

Hanyar mota ta zabtare, don haka a kan alfadarai agaji ya riƙa isowa. Barguna da shinkafa da tamfol suka fara zuwa, daga baya kwanon rufi, sannan wani magini mai suna Eladiyo, wanda garinsu ma ya taɓa rushewa. Shi ya nuna musu yadda ake dasa gora cikin bango, a ɗaure samansa da katako zagaye, don in ƙasa ta motsa ginin ya yi rangaji bai faɗi ba. Dattawa suka ce makaranta za a fara ginawa da gayya, domin Malama Nelida a ƙarƙashin tamfol take koyarwa, iska na kwashe mata rabin magana.

Sai dai duwatsu sun binne ramin da ake ɗibar ƙasar gini. Aka yanke shawarar a kwashe ƙasar gidajen da suka faɗi a buga sabon bulo da ita. Kowa ya ba da tasa, ban da Saturnina.

Wata rana ƙanin mijinta, Taita Zenobiyo, ya zo yana jan jakinsa. Tun suna matasa ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Mama Satu, ƙwai kike kwanci a kai ne? In sun ƙyanƙyashe ki ba ni zakara."

"Tafi can, tsohon banza. Jakinka ya fi ka hankali, ko ba komai shi yana yin shiru."

Ya zauna gefenta ya miƙa mata ganyen koka, wanda mutanen tsauni ke taunawa kamar goro, suka yi ta taunawa. Daga gangare iska ta kawo muryoyin yara suna bitar karatu, ana jin tari yana katse su.

"Ƙasarki ce mafi kyau a garin nan," in ji shi. "Babanmu ne ya kwaɓa ta, ina yaro ina zuba masa ruwa."

"Yayanka na cikinta."

"Yayana na maƙabarta, ni na ɗauki kansa. Kuma kin san shi, mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma in ya ga ɗan makaranta sai ya tsare shi ya ce karanta mini abin da ke jikin gwangwanin nan."

Ta yi dariyar da ta manta tana da ita, har da hawaye. Washegari da kanta ta zo da kwando.

Aka kwashe kangon ƙarƙaf. Saturnina ta tattare zanenta ta shiga cikin masu taka laka, sanyinta na ratsa ƙashi, mata na zuba ramno, maza na buga bulo suna jerawa a filin ƙwallo don ya bushe. Da aka gama sai hazo ya sauko ya lulluɓe garin kwana da kwanaki, ko ɗan yatsanka ba ka gani sosai, bulon kuwa ya ƙi bushewa.

Safiyar da hazon ya yaye, ta sauko ɗiban ruwa, sai ta tsaya cak. Layukan bulon da aka buga da ƙasar gidanta sun yi kore-kore da ja-ja, kamar an yafa musu mayafi mai shara-shara. Ta durƙusa. Tsirrai ne ƙanana, kowanne da ganye biyu da jar ƙafa, raɓa na rawa a kansu. Nan take ta gane su. Jar kinuwa ce, hatsin nan mai ƙwaya kamar acca, irin da Fortunato ya gada daga uwarsa yake adanawa a tulu saman ɗaki. Tulun ya fashe tare da gidan, irin ya bi ƙasa.

Jama'a suka taru suna kallo, wasu suka cire hula. Eladiyo ya sosa ƙeya ya ce a hankali, "Mama, ki yi haƙuri, dole a kankare su. In saiwa ta shiga ciki bulon zai tsage."

"Na sani, ɗana. Ka ba ni zuwa faɗuwar rana."

Da cokula mata suka riƙa ɗebo tsirran, kowanne da ɗan guntun lakarsa, suna kaiwa filin da gidanta yake a da, wanda yanzu ya zama fili fetal. Zenobiyo na haƙa yana mita, wai yayansa ko a kabari bai daina sa shi noma ba. Da yawa suka mutu, don kinuwa ba ta son dashe. Waɗanda suka kama kuwa suka tashi har ƙirjin mutum, kawunansu jajur.

Bayan damina aka gama makarantar, bango fari, rufi na walƙiya. Ranar buɗewa aka yi kiɗa aka ci dankali da cuku, Malama Nelida ta kaɗa ƙararrawa, amma yara suka cirje a bakin ƙofa. Tun ranar girgizar ba wanda ya sake shiga ƙarƙashin rufi mai nauyi. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, ko gezau.

Saturnina ta ratsa su ta shige. Ta nemi bencin da rana ke faɗowa a kai ta taga, ta zauna ta jingina da bango. Bangon da ɗumi. Kafin a ankara ta lumshe ido, barci ya kwashe ta, har da ɗan minshari.

Yara suka leƙo ta taga suna ƙyalƙyala dariya. Wata yarinya ta shigo da sanɗa don ta gani da kyau, ƙawarta ta biyo ta, sauran suka yi ta silalowa har benci ya cika. Malama Nelida ta ɗora yatsa a leɓe, ta ɗauki alli, ta fara darasin ranar da raɗa.