Jan Ɗigo a Allon Tsoho Niu

Ni ke sassaƙa allunan matattu a ƙauyenmu, kusa da Jiangzhou. Karatuna bai wuce rubuta sunaye ba. Allo kuwa itace ne kawai, sai malamin da ya ci jarrabawar sarki ya ɗiga masa jan tawada a gaban gawa, sannan kurwar mamaci ta shiga ta zauna. In babu ɗigon, haka za ta yi ta gararamba ba gida. Na sha kara kunne jikin allo ko zan ji motsinta. Sau ɗaya na ji, ashe gara ce.

Mutum ɗaya gare mu da ya ci jarrabawar, Malam Ruan. A shekarar ne ya bi addinin baƙin nan masu dogon hanci, suka zuba masa ruwa a ka, ya rataya gicciye.

Sai Tsoho Niu, mahaifin Niu Dahai, ya mutu. Niu sojan igwa ne, ya taho daga bakin daga da abokansa uku. Ya durƙusa a ƙofar Malam, goshi a ƙasa.

"Malam, ɗigo ɗaya tak. Shekara ashirin tsohon nan yana ɗebo maka ruwa."

"Ɗana, kurwa ba ta zama cikin itace. Zan yi masa addu'a."

"A cikin addu'ar zai riƙa kwana?"

Kwana uku gawa na jira, ga zafi. Rana ta huɗu da hantsi suka jawo Malam har gaban akwatin gawar. Aka miƙa masa alƙalamin gashi, ya dunƙule hannu.

"Buɗe mana, Malam, kada mu ɓata maka riga," in ji ɗaya daga cikin sojojin, sauran na dariya.

Bai buɗe ba. Niu ya danne hannun daman a kan bencina, ya ɗauki gizagona ya sare babban yatsan, ya dangwala dungulmin a allon. Har yau ban ga ja mai kyan wannan ba.

Ƙanen mamacin, wani dattijo, ya matso ya daɗe yana duba allon.

"Wannan ba ɗigo ba ne. Da alƙalami ake yi, malami na riƙe da shi. Yayana ba zai shiga nan ba."

Niu ya ce da ni, "Sassaƙo wani." Sannan ya tsuguna gaban Malam cikin ladabi.

"Malam, an ce kana iya rubutu da hagu?"