Sifilin Baba Hambali

Shekarar da sojoji suka koma bariki, aka ba Jawahir aikin ƙididdige sau nawa 'yan Kasuwar Sabon Gari ke zuwa asibiti. Amsoshin kusan duk sifili ne, lissafi ya ƙi zama.

Oganta Chidiebere ya ce, "Sifilin nan iri biyu ne. Akwai mai lafiya, akwai marar lafiyar da bai je ba. Bar wa kwamfuta ta raba su."

Ta raba su kuwa. Mahaifin Jawahir, Baba Hambali, wanda ya shekara yana tari bai taɓa rufe rumfarsa ba, sai ga shi cikin masu lafiya.

Jawahir ta ƙura wa sunansa ido. Jiya aka yi sadakar bakwai ɗinsa.