Hayaƙin Inna Laure

Sau uku Ikrima yana zuwa Tudun Kaya, sau uku yana tarar da fankar a kashe, mahaifiyarsa Inna Laure tana tari a bakin murhu kamar ƙirjinta zai tsage.

Abin ya ƙona masa rai. A Karaye kaf ba wanda zai nuna masa aikin kwano, shi ma ya san da haka, ba ya kuma ɓoyewa. Da likita ya ce hayaƙi ne ke cin huhunta, wuni guda ya yi ya huda bango, ya naɗa bututu, ya ɗaura fanka mai zuƙar hayaƙi, ya haɗa mata sola. Aikin ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Ita kuwa ta sa masa albarka, yana juya baya ta kashe.

A zuwa na uku ya kasa haƙuri, ya tambaye ta ko ƙarar ce ba ta so. Sai ta nuna sama da muciya. Zangarniyoyin dawa ne rataye a jikin azara, sun yi baƙi ƙirin, irin shuka ne da marigayi babansa ya bari. Ta ce hayaƙin nan shi ke hana ƙwari cin su, kuma tunda fankarsa ta zo ta fara ganin gari yana zubowa.

"Tari na saba da shi," in ji ta. "In irin nan ya ƙare, wa zan roƙa?"

Kunya ta kama shi, don a ƙarƙashin zangarniyoyin nan ya girma bai taɓa tambaya ba. Amma Ikrima ba ya daɗewa a kunya. Ya ɓalle aikin da yake taƙama da shi, ya sa wa bututun gwiwa, ya karkata shi bayan ɗaki zuwa cikin wata tsohuwar ganga mai ƙananan huji. Nan ya rataye irin, hayaƙi ya riƙa bi ta kansa kafin ya fita.

Ita da kanta ta kunna fankar. Ta hura wuta, ɗaki ya yi sarai, ba tari. Can ya ga tana share ido da gefen zane.

"Inna, har yanzu yana shigowa ne?"

"A'a, ya fita duka," ta ce. "Shekara tara in na tuna babanku, hayaƙi nake ɗora wa laifi. Yanzu sai ka nemo min wani."